Karatun tsara birane a Sudan: amsa ga wani ɗalibi daga Gadarif

Tambayar ta fito ne daga wani matashi da ke zaune a Gadarif. Gidansu yana Mayo, kudancin Khartum, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ne ya koro su gabas. Ya zauna jarrabawar shahada ta kammala sakandare, ransa yana kan karatun tsara birane da binciken harkar filaye da gidaje, mahaifinsa kuwa ya ce ko likitanci ko injiniyan gini, saura duk ɓata lokaci ne. Yana so ya san abin da ake karantawa, da inda ake karanta shi, da kuma ko akwai abinci a ciki.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya mayar da ku gida lafiya. Bari in fara da maganar Baba, tunda na ga ita ta fi tsaya maka a rai. Bai yi ƙarya ba. Likita ko a sansanin gudun hijira ya sauka, kafin la'asar an san da zamansa. Mai tsara birni kuwa sai da hukuma a bayansa, ko ƙungiya, ko kamfani, don ba wanda zai tare shi a kasuwa ya ce ga kuɗi, tsara mini unguwa. Akwai abinci a aikin, amma ba ya zuwa da wuri, kuma duk wanda ka ga ya yi arzikin dare ɗaya a ofishin filaye, a bincike shi. Duk da haka ina bayanka, da sharaɗin ka san abin da za ka shiga. Yawancin yaran da ke zuwa mana da wannan sha'awa zane suke hange, tituna masu faɗi da shataletale da lambuna. Zanen nan shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Mafi yawansa takarda ce da doka, da neman sanin wa ke da wannan ƙasa, wa aka ƙidaya, wa aka tsallake.

Khartum ba ta taɓa rasa zane ba. Bayan 1898 Kitchener ya sa aka shata ta da titunan nan masu gittawa juna da har yau ake gani a tsakiyar gari. A 1959 kamfanin Doxiadis na Girka ya yi mata babban tsari, a 1974 Mefit na Italiya ya yi nasa, a 1991 Doxiadis ya dawo tare da Abdulmun'im Mustafa, sannan Mefit ya sake yin wanda aka ce zai ja garin daga 2008 har 2033. Ƙwararru ne suka yi su, ba na raina ko ɗaya. Amma ka ɗauki kowanne ka ɗora a kan hoton garin na tauraron ɗan'adam, za ka tarar garin ya bi tasa hanyar. Yaƙin kudu da ya sake tashi a 1983, da farin 1984 zuwa 1985, sun turo dubban ɗaruruwan mutane gefen Umdurman da Bahri da kudancin Khartum. Suka kafa rakuba, wato rumfa, rakuba ta zama ɗakin jalus, wato ginin laka, ɗakuna suka zama unguwa, kuma babu zanen da ya tanadar musu wuri. Da hukuma ta waiwaye su a shekarun 1990, lokacin da Sharafuddin Bannaga ke riƙe da ma'aikatar da ke kula da filaye da gidaje a jihar Khartum, wasu unguwannin an yanka musu tituna an bar su a inda suke, wasu an kwashe su zuwa unguwannin Darus Salam a bayan gari, 'yan gudun hijira kuma aka kai su sansanoni irin su Wad al-Bashir da Jabal Auliya da Mandela, wanda ke nan Mayo ɗinku. Ka tambayi manyan unguwarku abin da ya raba wanda ya samu fili da wanda ya tashi hannu rabbana. Za su ce maka takarda.

Shi ya sa darasinka na farko dokar ƙasa ce, ko jami'a ta ba ta muhimmanci ko ba ta ba ta ba. A 1925 Turawa suka kafa dokar tantance filaye da yi musu rajista. An yi aikin sosai a bakin Nilu ta arewa, da Jazira, da cikin manyan garuruwa. Sauran ƙasar aka bar ta a hannun al'ada, shehu da umda da nazir su ne suka san inda gonar wane ta tsaya. A 1970 gwamnatin Numairi ta fito da dokar filayen da ba su da rajista, ta ce duk ƙasar da ba a rubuta da sunan kowa ba ta gwamnati ce, kuma a daidai wannan lokaci aka rushe sarautun gargajiyar da ke riƙe da shaidar. Mutumin da kakansa ya sare daji ya wayi gari yana zaman alfarma a gonarsa. Dokar mu'amalolin jama'a ta 1984 ta soke waccan, ta amince da haƙƙin amfani ga wanda ya raya ƙasa, amma ba ta sauke gwamnati daga kujerar mai ƙasa ba. Sai dokar tsara gine-gine da rabon filaye ta 1994, wadda ita za ka fi buɗewa in ka shiga ofis.

Daga waɗannan dokoki aka samu matakan da kowane ɗan Sudan ya sani ko bai yi makaranta ba. Akwai mai milk hur, mallaka ta har abada, irin ta mutanen tsibirin Tuti, wadda ta sa duk mai son taɓa tsibirin dole ya zauna da su tukuna. Akwai mai hikir, wanda gwamnati ta ba wa haya ta shekaru, kuma shi ne yawancin masu fili a cikin gari. Waɗannan biyun suna iya zuwa ofishin rajistar filaye, wanda a Sudan yake ƙarƙashin ɓangaren shari'a, su fitar da shahadar bahas, takardar da ke nuna sunan mai filin a rajista. Sannan akwai mai hiyaza, wanda abin da ke hannunsa takardar lajana ce, wato kwamitin unguwa, da shaidar maƙwabta. Zai iya shekara talatin a gidan, ya aurar da 'ya'ya a cikinsa, amma banki ba zai karɓi gidan jingina ba, kuma ranar da katafila ta zo ba shi da abin nunawa. A kan wannan kuma aka ɗora rabon unguwanni daraja-daraja da muka gada daga Turawa: daraja ta ɗaya da manyan filaye da ginin siminti, ta uku da ƙananan filaye da izinin ginin jalus. Hatta wa'adin hikir ya bambanta, shekara 50 ga ta ɗaya, 30 ga ta biyu, 20 ga ta uku, kafin a sabunta. Kwalta da magudana kuma sun san darajar da suke fara bi.

Mu Hausawa akwai wata takardar da ke gaban duk waɗannan. Rabon filayen gwamnati, huɗɗa iskaniyya, da maki ake yin sa: aure, yawan 'ya'ya, daɗewa a gari, sannan a jefa ƙuri'a. Amma kafin a fara ƙirga maka maki sai ka ajiye jinsiyya a kan tebur. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, a 1903 aka yi shi, kuma bayan nan ne jama'ar ɗansa Mai Wurno suka iso bakin kogin Nilul Azrak suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. 'Yan shekaru kaɗan suka jefa su bayan layi. Daga baya an matso da shekarar, dokar 1994 ta kawo ta 1956, amma a tsakanin nan an yi rabon filaye da yawa, kuma rabon da ya wuce ka ba ya dawowa. Filin da maƙwabcinka ya samu a 1965 da ɗan kuɗin rasiti, shi ne jikokinsa suke sayarwa yau su yi jari.

Tsofaffin Khartum za su ba ka labarin Ishash Fallata, unguwar da mutanenmu suka daɗe a cikinta kusa da tsakiyar gari, aka tashe ta a farkon shekarun 1990 aka mayar da su Inkaz, can kudu. In ka zauna da su za ka ji magana biyu. Wani zai ce a nan ya fara riƙe takardar fili da sunansa. Wata za ta ce a da da ƙafa take kai ƙosai da gyaɗa kasuwa, bayan tashin kuwa kuɗin mota ya cinye ribar. Dukansu gaskiya suka faɗa. Ɗan siyasa zai ɗauki ɗaya ya hau mumbari da ita. Mai bincike aikinsa ya auna duka biyun, ya ce gida nawa ne suka ci riba, nawa suka faɗi, da kuma abin da da an yi shi faɗuwar ta ragu.

Da ni ne kai, kan kanabin Jazira, wato kambo-kambon da leburorin gona ke zaune, zan yi bincikena na farko. An buɗe aikin noman Jazira a 1925 tare da madatsar Sinnar. Manomi yana da hawasha, wato gonar da aka yanka masa, da sunansa a littafin hukumar, leburan da ke tsinkar auduga kuwa, waɗanda yawancinsu daga yammacin Sudan da Chadi da Nijeriya suka fito, aka bar su su kafa kambo a bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, a matsayin zaman wucin gadi. Yau jikokin jikokinsu ne a wurin. Kambo da yawa har yanzu ba a ɗauke su ƙauyuka masu rajista ba. Tunda ba rajista ba a tsara su, tunda ba a tsara su ba sai a ce ba za a kai musu famfo da makaranta ba, in ka ce a tsara su kuma sai a ce ƙasar ta aikin noma ce ko ta masu ita. Ana nan ana shan ruwan tur'a, tsargiya tana cin yara. Wannan ƙulli ba injiniya ne zai kwance shi ba, sai wanda ya san doka, ya san taswira, ya kuma iya zama da mai ƙasa da ɗan kambo a tabarma ɗaya. Haka abin yake a jihar Nilul Azrak. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo da mita 10, aikin da aka gama a 2013, an kwashe ƙauyuka aka zuba su a sababbin garuruwa masu lamba maimakon suna. A Yuli da Oktoban 2022 an yi faɗan da ya ci ɗaruruwan rayuka a Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi, kuma maganar da ke ƙarƙashinsa ita ce wa ke da ƙasa, kuma ko Bahaushe yana da ikon yin sarauta a kanta. Wanda ya yanka filaye ya jera gidaje bai tsaya ya warware wannan tambaya ba, bai gama aikinsa ba, ko da titunan sun miƙe sambal.

To, ina ake karatun? Ƙofofin shiga suna da yawa. Jami'ar Khartum tana da kwalejin zanen gine-gine inda ake koyar da tsara birane da harkar gidaje, tana da kwalejin labarin ƙasa da muhalli, tana kuma da sashen injiniyan masaha, wato safiyo. Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha tana da zanen gine-gine da tsarawa, tana da masaha. Jami'ar Za'im al-Azhari da ke Bahri tana da kwaleji sukutum ta ilimin birane. Yaƙi ya tarwatsa karatu, wasu kwalejojin sun koma intanet, wasu sun buɗe cibiyoyi a wasu garuruwa, saboda haka kafin ka cika fom ka nemi ɗalibin da ke ciki yanzu ka tambaye shi a ina ake zama aji, kuma yaushe rabonsu da fita fili da na'urar awo. Ra'ayina shi ne ka yi digirin farko a abin da ke ba ka sana'a a hannu, masaha ko labarin ƙasa mai ƙarfi a taswirar kwamfuta, sannan ka ɗora tsara birane a digiri na biyu. In Allah ya buɗa hanyar fita, akwai IHS a Rotterdam da ITC a Enschede, duka a Holan, akwai DPU a Landan, akwai Jami'ar Ardhi a Darussalam ta Tanzaniya, ga kuma sashen tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ba za ka yi baƙunta ba.

Abin da zai sa a ɗauke ka aiki kuwa ba sunan kwalejin ba ne kawai. Ka iya QGIS na yin taswira a kwamfuta, kyauta ake sauke shi kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Ka iya shirya tambayoyi a KoboToolbox ka tattara amsa da waya. Ka san lissafin ƙididdiga daidai gwargwado, yadda ba za ka tambayi gida goma na danginku ka ce ka ji ra'ayin unguwa ba. Ka iya Larabcin doka, ka iya Ingilishin rubuta rahoto. Ka koyi taƙaita binciken wata shida a shafi biyu, don babu kwamishinan da zai karanta shafi tamanin. Hausarka kuma jari ce da abokan karatunka ba su da ita. Akwai gidajen da mai tambaya da Larabci zai tsaya a zaure a ba shi amsar da ake ba hukuma, kai kuwa a shigar da kai har wurin Inna, ta gaya maka nawa take sayen ganga ɗaya ta ruwa a hannun mai karo, wato amalanken jaki.

Ka kuma koyi karanta tudu da gangare, domin ruwa ne ke yi wa aikinmu jarrabawa. A daren 4 ga Agusta 1988 ruwan da ya haura milimita 200 ya sauka a Khartum, gidajen jalus suka narke. A 2013 ambaliya ta share unguwanni a Sharkan Nil, inda aka yi gini a kan hanyar hor, wato rafin da ke kawo ruwa da damina, aka kuma ɗaga tituna ba tare da isassun kwalbatoci ba, har matasa suka kafa ƙungiyar Nafir don kai agaji. A 2020 Nilu ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Khartum, ya wuce na 1946 da na 1988. A Agustan 2024 madatsar Arba'at, wadda Bur Sudan ke sha daga gare ta, ta ɓalle. Tsofaffi suna cewa ruwa ba ya mance hanyarsa, kuma duk fili mai arha da aka raba wa talaka, ka duba ko ba a kan wannan hanyar yake ba. A Gadarif ɗin da kake ma ga darasi a ƙarƙashin ƙafarka: baƙar lakar nan da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani ita ke fasa bango, garin kuma ya daɗe yana jiran ruwan da ake turowa daga Shuwak.

Binciken manufofin gidaje da ka tambaya, ga yadda yake. Gwamnati ta raba filaye dubbai a bayan gari, bayan shekara goma ka je ka tarar rabinsu kango. Me ya sa? Sai ka bi masu filin ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar babu ruwa a wurin, ginin da za a yi da ruwan karo ya fi ƙarfinsu, motar haya ba ta zuwa, wasu sun sayar wa dillali tun ranar ƙuri'a, wasu kuma suna zaune gadi da iyalinsu a cikin benen da wani bai gama ba a unguwar daraja ta ɗaya, don nan ne kusa da abinci. Daga nan za ka iya ce wa hukuma fili dubu da famfo ya fi dubu biyar babu komai, kuma ka nuna mata da alƙalami. Ko ka ɗauki haya. Tun da aka fara yaƙi kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi a Bur Sudan da Kasala da Atbara da Gadarif, har wasu masu gida suna yankawa da dala, makarantu suka zama masauki. Akwai dokar hayar gidaje ta 1991, amma mutum nawa ne cikin 'yan gudun hijira ke da rubutacciyar yarjejeniyar da zai kai gaban alƙali? Babban ciwon mai bincike a Sudan shi ne rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2008, kuma tun daga lokacin kudu ta ɓalle a 2011, miliyoyi sun bar gidajensu. Duk wanda ya iya samar da adadi mai tsabta, ya kuma faɗi yadda ya samo shi, za a neme shi.

Masu ɗauka aiki su ne ma'aikatar tsara gine-gine ta kowace jiha, da hukumar filaye, da hukumar masaha, da mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, da asusun gidaje. Albashinsu ba ya kai wata, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma a nan ake koyon yadda fayil ke tafiya, kuma wanda bai san wannan ba shawararsa ba ta wuce takarda. Akwai UN-Habitat, hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai hukumar ƙaura ta IOM da ke bin adadin waɗanda suka bar gidajensu, akwai ƙungiyoyin agaji masu aikin matsuguni. Suna biya da kyau, amma kwantiragi ne na watanni, kuɗin masu bayarwa ya tsaya aiki ya tsaya. Akwai kamfanonin ba da shawara, akwai koyarwa a jami'a. Da yawa daga abokan aikinmu Saudiyya suka nufa, inda ake gine-gine ba ƙaƙƙautawa, Riyad ma ta buɗe jirgin ƙasanta na cikin gari a Disambar 2024, sai dai kullum ana ƙara kason da aka ware wa 'yan ƙasa a ayyukan injiniya, kada ka gina rayuwarka a kan wannan kaɗai. Kuma ka sani tun yanzu, duk inda sa hannunka zai iya mayar da gona ta zama filin gidaje, za a zo maka da ambulan, wani lokacin ma ta hannun wanda kake jin nauyinsa.

Aikin da ke jiran tsararku ya fi wanda muka tarar. Mutane suna komawa Madani da Khartum tun da soja suka karɓe su a farkon 2025. Wani zai tarar da baƙo a gidansa, wani takardunsa sun ƙone, wata mijinta ya rasu kuma filin da sunansa yake, ga 'yan'uwansa sun taso. Ga harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin kangaye. Abin da na fi tsoro shi ne a ce tunda an samu dama bari a share unguwannin ashwa'i, wato waɗanda aka kafa ba da tsarin hukuma ba, kafin masu su su dawo, a kira shi gyaran gari. Akwai hanyoyin rubuta haƙƙin wanda ba shi da shahadar bahas, irin tsarin STDM da UN-Habitat da abokan aikinta suka fito da shi, inda ake haɗa hoton sama da shaidar maƙwabta a rubuta wa ke zaune a ina kuma da wane dalili. Ba ya zama mallaka, amma yana ba mutum abin riƙewa ranar da aka zauna rabo. Ana bukatar masu yin wannan aiki da harshen mutanen da ake rubutawa.

Kafin a buɗe karatu ka fara da gidanku. Ka tattara duk takardar da ta shafi gidan Mayo, rasitin awayid, wato harajin gida, takardar lajana, kuruki, wato zanen filin, in akwai, katin wutar lantarki, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a wuri biyu. Ka zauna da Baba ya gaya maka shekarar da ya sauka a wurin, a hannun wa ya saya, su wa suka shaida, ka rubuta. Ka buɗe OpenStreetMap ka ga ko layinku yana ciki. Amma kada ka kuskura ka fita titi kana ɗaukar hoto ko alamar GPS a wannan yanayi ba tare da rubutaccen izinin mahalliyya da sanin lajanar unguwa ba, don a shingen bincike ba wanda zai saurari bayanin cewa aikin makaranta ne.

Game da Baba kuma, kada ka ja da shi. Ka kai masa maganar injiniyan masaha. Injiniya ne cikakke, Majalisar Injiniyoyi tana yi masa rajista, ana nemansa a aikin hanya da madatsa da ma'adinai da gonakin Gadarif, kuma daga nan zuwa tsara birane taki ɗaya ne. In akwai wani ma'aikacin masaha cikin mutanenmu a nan garin, ka roƙi kawunka ya kai shi su gaisa da Baba, ya ji daga bakin wanda yake ci da sana'ar.